Baƙin Ma'aunin Kaka

Lamu, farkon watan Mauludi

Zuwa ga Yayana Famau, malamin hanya a jirgin ruwan Nahoda Kombo, ta hannun dillalinsu na Bombai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mama tana gaishe ka. Kaka yana gaishe ka, ƙafarsa ta yi sauƙi, amma idon yana nan yadda ka bar shi, haske da duhu kawai yake rabewa. Yaya Rukiya da mijinta Bwana Swale suna gaishe ka. Jakar maƙwabta ta haihu, ɗan ya hana kowa barcin rana. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a makaranta ba.

Yaya, akwai magana. Na fara takardar nan sau da yawa ina yagawa. Idan a gaban mutanen jirgi kake karantawa, don Allah ka koma gefe.

Shekaranjiya muna gyaran gida saboda baƙin Mauludi. Mama ta fito da kayan tagulla duka, faranti da butar gahawa da kaskon turare, ina ta goge su da tsamiya da toka. Can ta shiga ɗaki ta ciro wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe a tsohon zani. Ta ce, "Ungo, haɗa da wannan. Ya yi baƙi kamar gindin tukunya. In ya yi haske sai mu sa shi a ramin bango na tsakiya, baƙi su gani."

Da na warware zanin, sai ga ma'aunin rana na Kaka. Wanda ya koya maka awon gane inda jirgi yake a teku da shi. Wanda muke zaton yana cikin akwatinka.

Ka tuna ranar tafiyarku Kaka ya sa an ɗinke akwatin a cikin ƙyallen zanen jirgi, irin wanda iska ke turawa, aka shafe shi da kakin zuma, ya ce kada ka buɗe sai kun isa Kalikut, tunda tafiyar bakin gaɓa ba ta bukatar awo, kuma iskar gishiri tana cin madubi? Kafin a ɗinke, Mama ta shiga da shi ɗaki ta yi masa turare da addu'a. A nan ta musanya. Wanda ke hannunka shi ne mai ƙyallin nan da Bwana Swale ya kawo mana tsaraba daga Mombasa.

Ban san lokacin da yatsana ya motsa hannun ma'aunin ba, ya yi 'yar ƙarar nan tasa. Kaka yana kwance a tabarmarsa a soro, sai ya ɗago kai.

"Wa ke taɓa ma'aunina?"

Na yi maza na rufe shi da zanin. Ya ce, "Mwanaidi, ke ce nake jin numfashinki. Kawo." Ya shafa shi sama da ƙasa, ya shinshina, ya ce, "Tsamiya nake ji. Kin goge?" Na ce ban fara ba. Ya ce alhamdu lillahi. Sai ya kwaɗa wa Mama kira da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Mama ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Haba Baba, ɗana zai zauna cikin malaman Larabawa da na Indiya da abu kamar an tono shi daga murhu? Surukinmu ya kawo sabo fil, yana walƙiya kamar zinariya, in bar shi a gida ya ce mun raina kyautarsa?"

Kaka ya ce, "Baƙin nan da gangan aka shafa shi, don kada rana ta kashe wa mai awo ido. Na taɓa wancan ranar da aka kawo shi. Ba shi da nauyi, kamar gwangwanin da aka shanye. Hannunsa yana rawa. Layukansa zuba su aka yi tare da ƙarfen, ba yanka su aka yi ba." Ya kamo yatsana ya ɗora a kan siririyar azurfar da ke bakin nasa, ya ce, "Ji nan. Sun fi gashi siranta. Wanda ya yanka waɗannan ya san ran mutane ne zai hau kansu."

Ya ce in gaya maka, hanyar da za ku yanko daga Kalikut zuwa gida akwai tsibiran nan masu ƙasa-ƙasa, ba a ganinsu sai an hau duwatsunsu. Akwai ƙofa a tsakaninsu, amma awo ne kaɗai ke nuna ta. Ya ce ma'auni na ƙwarai ba ya canja magana, in ka tambaye shi abu ɗaya yau da gobe da jibi, amsa ɗaya zai ba ka. Wancan kuwa bai yarda da shi ba ko kaɗan.

Daga nan ya rungume nasa yana hawaye. Har yau bai sake shi ba, da shi yake kwana.

Yaya, ina jin tsoro. Don Allah ka ba ni amsa.

Ƙanwarka, Mwanaidi

Bombai, watan Rabi'us Sani

Zuwa ga ƙanwata Mwanaidi, sarauniyar masu shiru.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya lau, har na yi ƙiba, ko da yake Mzee Obo mai dafa mana abinci ya rantse ba zai huta ba sai ya kashe mu da barkono. Ki gaishe da Mama, ki durƙusa ki gaishe mini da Kaka. Mun sayar da itacen rufinmu a Mukalla da daraja, muka biyo gaɓa har nan ba abin da ya same mu.

Ashe kina da baki haka? Shekara nawa muna gida ɗaya ban taɓa jin kin haɗa magana uku a jere ba, sai ga takarda cike gaba da baya!

Gargaɗinki ya zo a makare, don da ƙarfi nake karantawa, kafin in farga kowa ya kasa kunne. Suka ce sai an buɗe akwatin. Na farke ɗinkin. Mwanaidi, da kin ga yadda rana ta faɗa a kansa! Mzee Obo ya ce, "Kai, ashe da ɗan sarki muke tafiya muna ba shi ƙanzo!" Nahoda, shugaban jirginmu, ya juya shi a hannu ya ce irin wannan a jiragen hayaƙi kawai yake gani. Tun ranar ya daina kirana yaro, Malam Famau yake cewa.

Kada ki ce na yi sakaci. Na fita bakin mashiga da tsakar rana na auna, na buɗe littafin lissafi na yi aikina, ya nuna mini Bombai, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Ga shi ba nauyi, hannu ba ya gajiya. Na Kaka kuwa in ka riƙe shi kaɗan sai kafaɗa ta fara ciwo.

Na karanta inda kika ce Kaka yana kwana rungume da nasa. To ai kin ba kanki amsa. Abin nan ya fi shekara arba'in a hannunsa, dama bai so rabuwa da shi ba, kunya ce ta sa ya ba ni. Yanzu Allah ya mayar masa da kayansa. Kin kuma san Kaka, duk abin da aka ƙera bayan an haife ni ba shi da kyau a wurinsa. Ki bar shi ya yi faɗansa, amma kada a ɗaga wa Mama hankali, alheri ta nufa.

Kuma ki gane wani abu. Wannan ce tafiyata ta farko a matsayin malami. In na je na ce wa Nahoda kayan aikina na banza ne, gobe zan koma jan igiya da kwarfar ruwa.

Jibi za mu gangara Kalikut mu yi lodin jan bulo na rufi da igiyar kwakwa. Za mu zauna can har ƙarshen Jimada Ula, iskar kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas ta zauna sosai, sannan mu yanko teku kai tsaye. Na saya miki awarwaro na gilashi, kore. Su ma suna ƙyalli, in kina tsoronsu sai in ba wata.

Yayanki, Malam Famau

Lamu, ƙarshen Rabi'us Sani

Zuwa ga Yaya Famau, ta hannun dillalinsu na Kalikut.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mama tana gaishe ka. Kaka ya yi mura amma ya warke. Na gode da awarwaro.

Yaya, ba ka fahimci maganata ba, kuma laifina ne, ban iya tsara zance ba. Ba don son abinsa Kaka yake kuka ba. Da na karanta masa takardarka bai yi faɗa ba. Sai kawai ya ce, "Sau ɗaya ya auna?" Na ce haka ka rubuta. Ya ce, "Sau ɗaya."

Yaya Rukiya ta taɓa gaya mini guda biyu mijinta ya sayo, ɗayan yana rataye a shagonsa. Na gaya wa Kaka. Ya ce in je in aro. Ka san ban taɓa yi wa Bwana Swale magana ba, in ya shigo, ɗaki nake shigewa da gudu. Na sa mayafina na tafi, na wuce ƙofar shagon na dawo, na sake wucewa. Shi ya hango ni.

"A'a! Ƙanwar matata ce ke zagaye shagona kamar mage ta ga kifi? Shigo mana. Yau dai zan ji ko kina da harshe."

Na nuna bango na ce aro nake so. Ya yi dariya ya ce, "Za ki tuƙa kwale-kwale zuwa Makka ne?" Na ce a'a, ɗan'uwan wannan ne ke hannun Yaya Famau, da shi zai kawo jirgi gida.

Yaya, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Da me?" Na maimaita. Ya zauna a kan buhun shinkafa. Ya ce, "Inna lillahi. Ni don ramin bangon Mama na kawo shi! Mai shagon da na saya a wurinsa tuli guda gare shi, fasinjojin jiragen hayaƙi yake sayar wa su kai gida su rataye. Wa ya ce a kai shi teku?" Da hannunsa ya sauko da shi, ya rako ni har gida.

Kaka ya sa muka hau da shi saman soro. Ya ce in kwantar da ma'aunin a gicciye, in auna tazarar da ke tsakanin hasumiyar masallaci da babbar kukar nan ta tsibirin Manda. Ya ce su biyun ba sa motsi, don haka lambar ma kada ta motsa. Tun da idonsa ya tafi ni nake karanta masa lambobi, ka sani, wannan kam na iya.

Na fara da nasa. Na tura hannun daga dama har kuka ta hau kan hasumiya a madubi, na karanta. Na mayar, na taho daga hagu, na karanta. Lamba ɗaya. Na ajiye shi a rana ya yi zafi, na sake. Lamba ɗaya. Hannun yana tafiya sumul kamar ana zuba zuma, inda ka tsayar da shi nan yake tsayawa.

Sai na ɗauki mai ƙyallin. Da farko ya ba ni kusan lambar na Kaka, har Bwana Swale ya ce, "To, ai ga shi!" Na taho daga ɗaya gefen, sai ya ƙara kusan babban layi guda. Na bar shi a rana, ya rage fiye da haka. Na ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, ƙaramin madubin ya gyaɗa kai, kuka ta yi tsalle ta bar hasumiya. Ga ƙyallin yana dukan ido har hawaye suka zubo mini.

Na tambayi Kaka babban layi guda nawa ne a teku. Ya ce tafiyar rabin yini da iska mai kyau. Ya ce in kuskuren ya kai haka, kana ganin kana tsakiyar ƙofa, alhali duwatsu ka nufa.

Mama tana tsaye a bakin matakala, ashe duk ta ji. Ta juya ta sauka.

Mun nemi yadda za mu aiko maka da na Kaka, aka ce jirgin hayaƙi ba zai riske ka ba, a jirgin sama kuwa ba za su karɓa daga hannunmu ba sai da takardun da ba mu da su. Shi ya sa na sa maka wannan ɗan allon ƙaho da zare mai ƙulle-ƙulle a cikin ambulan. Na mahaifin Kaka ne. Kaka ya ce ya taɓa nuna maka: ka ciji ƙullin, ka miƙe allon har zaren ya ɗaure, gindin allon a kan bakin ruwa, tauraron arewa a kan samansa. Ƙullin da na shafa wa lalle shi ne na ƙofar tsibiran. Ya ce bai kai ma'auni ba, amma ba ya ƙarya.

In kuma ba ka yarda da zare ba, ka gaya wa Nahoda ku biyo gaɓa. Yaya, gara ka dawo kana jan igiya. Wallahi ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan.

Mwanaidi

Lamu, watan Rajab

Zuwa ga Yaya Famau, ta hannun dillali na Mukalla, in Allah ya sa ya biyo ta nan.

Assalamu alaikum. Ban san ko akwai mai karanta wannan ba. Jikinmu lafiya.

Takardar da na aika maka Kalikut ta dawo. Ba a ko buɗe ta ba. Dillalin ya yi rubutu da Larabci a bayanta, liman ya karanta mana: jirgin Nahoda Kombo ya tashi tun farkon Jimada Ula, kafin ta iso. Kai ka ce sai ƙarshen wata. Me ya sa kuka yi sauri?

Na so in ɓoye wa Kaka. Na shigo da ita a cikin mayafi, ya ce, "Me gidan waya suka ba ki?" Na ce ba komai. Ya miƙo hannu kawai. Ya matsa ambulan ɗin, ya ji allon a ciki, ya ji zaren. Ya ce, "To." Bai ci abinci ba ranar.

Kaskazi ta daɗe da zama. Jiragen Indiya suna ta shigowa. Duk wanda ya doso mashiga sai a ji ganga da busa, gari ya ruga bakin ruwa, ni ma in bi bayan mata in tsaya inda ba a ganina. Na san zanen jirginku, akwai faci mai duhu a kusurwar sama. Har yau ban gan shi ba.

Makon jiya wani jirgi ya iso daga Kalikut ɗin. Bwana Swale ya tari nahodansa tun bai gama taka tudu ba. Mutumin ya duba jiragen da ke tsaye, ya ce, "Kombo bai iso ba? Ai ya riga mu tashi da nisa. Ko sallama bai yi wa kowa ba." Sai ya ga fuskokin mutane, ya ce wataƙila iska ce ta yi musu gardama. Amma shi bai ga gardamar iska ba a hanya.

Maganar ma'aunin ta fita gari, ban san ta bakin wa ba. Jiya Bi Somoye matar Mzee Obo ta shigo ba sallama, da goyonta. Ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Mama, "An ce kin ba ɗanki kayan ado ya ja mazanmu da shi. Gaskiya ne?" Mama ta ce gaskiya ne. Na zaci za ta yi zagi. Sai ta dubi ramukan bangonmu, duk tagullar da na goge tana walƙiya, ta ce, "Gidanki ya yi kyau." Ta juya ta fita.

Mama ta sauke komai daga bangon, ta zuba a buhu. Yanzu ramukan suna nan wayam. Ba ta kuka a gabanmu. Tana dafa shinkafa da kwakwa irin yadda kake so, ta zuba naka a kwano ta rufe, da yamma ta ba almajiran masallaci.

Ni kuma kullum ina hawa soro da na Kaka, in auna kuka da hasumiya. Ban san dalili ba. Lambar ba ta taɓa canjawa ba, sai in ji kamar in jefar da shi, don yana nan yana faɗa mini gaskiyar da ba ta da amfani, kai kana can.

Kaka ne ya ce in aika wannan Mukalla. Ya ce, "Yaron nan a hannuna ya koya. In akwai abin da ya rage a kansa daga abin da na zuba, gaɓa zai bi, gaɓa kuwa ta Mukalla take wucewa." Liman ya ce a ƙara haƙuri kafin a yi maganar yi muku sallar gawa.

Yaya, ko layi ɗaya ne.

Mwanaidi

Mukalla, farkon Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Mwanaidi.

Ina raye. Dukkanmu muna raye, ba wanda ko yatsa ya rasa. Ki ajiye takardar ki je ki gaya wa Mama da Kaka, ki aika gidan Bi Somoye da sauran gidajen, sannan ki dawo ki ƙarasa.

Yau muka shigo, dillali ya miƙo mini takardarki. A bakin ruwa na zauna na karanta.

Waccan da ta koma miki ban gan ta ba, amma ta farkon tana aljihuna. Na yi miki dariya a Bombai, sai dai maganar Kaka ta ƙi barina, wai a tambaye shi yau da gobe da jibi. Da muka isa Kalikut na ce bari in yi, don in rubuto muku in ƙure shi. Na fita bakin teku da tsakar rana na auna. Ya ce muna Kalikut. Washegari ya ce muna kudu da ita sosai. Rana ta uku ya mayar da mu arewa, inda muka baro a baya. Ina tsaye a kan yashi ɗaya, gindin kwakwa ɗaya, gari yana ta yawo a ƙarƙashina.

Na kwana biyu ina juya abin. Sannan na je na sami Nahoda. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wato madubin amarya ka ɗauko ka zo ka kashe ni da shi?" Ya nemi wani malamin a gari, duk an riga an ɗauke su. Ma'auni na ƙwarai guda ɗaya muka samu na sayarwa, kuɗinsa ya fi ƙarfin jirgin. Sai ya ce gaɓa za mu bi, mu koma arewa mu zagayo ta ƙasar Larabawa. Hanya ce mai nisa ƙwarai, shi ya sa muka tashi da wuri da rabin lodi. Bai yi wa kowa sallama ba don kada sauran nahodoji su ji dalili.

Kin gani, da takardarki ta biyu ta same ni a Kalikut, da hakan na nufin ban ji maganar ta farko ba, ina can zaune ina jiran iska.

Na rubuto muku daga Bombai da muka sake biyowa. Na ba Mzee Obo ya kai gidan waya, don Nahoda ya hana ni sauka. Yanzu da na karanta taki na shaƙe Mzee Obo, sai ga takardar a cikin hularsa, ta sha mai ta sha zufa. Ya ce, "Ai ina sane, jira nake mu matso kusa, kuɗin kan sarki ya ragu." Ki gaya wa Bi Somoye mijinta yana nan da rai, amma ban yi alkawarin zai iso da shi ba.

Ba a kirana Malam yanzu. Mai Madubi suke ce mini. Ina jan igiya, tafin hannuna duk ya fashe. Ma'aunin yana rataye a jikin sandar jirgi, da shi kowa yake duba gemunsa.

Ki ce wa Mama ban riƙe ta da komai ba, ni ma da na buɗe akwatin ƙyallin ne ya tafi da ni. Ki ce wa Kaka sau uku na auna. In Allah ya so za mu tsaya Mukdishu, mu iso kafin azumi.

Yayanki, Famau

Lamu, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Yaya Famau, a Mukdishu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yau kam da gaske.

Ban aika kowa gidajen ba, da ƙafata na je. Na manta ko takalmi ban sa ba. An ce tun daga bakin gidan waya nake ihu, har Bwana Swale ya fito daga shago yana tambaya 'yar wa ce wannan mai murya. Bi Somoye ta rungume ni, ta yi kuka, sannan ta ce a bar mata maganar hular, ita za ta ji da shi.

Kaka ya sa na karanta masa wurin Kalikut har sau uku. Duk na zo inda gari yake yawo sai ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce in gaya maka jan igiya ba ya kashe mutum, kuma baɗi akwai wata iskar.

Mama ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Da ta gama ta je ta durƙusa gaban Kaka, ta ce ya ba ta aron ma'aunin. Ya miƙa mata. Ta sa shi a ramin bango na tsakiya, shi kaɗai, sauran tagullar tana buhu har yanzu. Jiya Yaya Rukiya ta zo, ta ce, "Mama, ko ɗan goge shi ba za a yi ba?" Ta miƙa hannu da gefen zaninta. Mama ta buge hannun.

Kaka ya ce ba zai kwana a bango ba, iska za ta ci madubin. Sun shirya da rana yana bango, da yamma ya koma naɗinsa. Ya kuma ce ranar da za ka sake tafiya ni zan sa shi a akwati, ni zan ɗinke, kuma ba za a yi masa turare ba sai a tsakar gida.

Har yanzu gabana yana faɗuwa in na ji ganga a mashiga. Ba zai daina ba sai na ga facin nan mai duhu. Ku bi a hankali, kada ku yi nisa da gaɓa.

Awarwaron kada ka ba wata.

Ƙanwarka, Mwanaidi